Cin farce a wajen 'yar fari: nazarin lamarin wata yarinya a Gadarif

Yarinyar shekararta 9, ita ce 'yar fari a ɗakinsu, tana da ƙanne biyu maza. A Wad Madani, babban birnin jihar Jazira ta ƙasar Sudan, aka haife ta. Iyayenta Hausawan Jazira ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya aikin auduga, daga nan zama ya kama su. A Disambar 2023, da yaƙi ya shigo Madani, suka ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka suka yi gabas zuwa Gadarif, gidan wan mahaifinta. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya ya koma na iyali uku, har da kakarsu, uwar mahaifinta, wadda kowa ke kira Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mu ma gudun hijira ne ya kawo mu layin, kuma a irin wannan zama duk wanda aka san ya taɓa riƙe allura shi ne likitan unguwa. Da yardar iyayen nake rubuta wannan, ba zan kuma ambaci sunan kowa ba.

Kumburin yatsa ne ya sa aka kira ni, cikin Agustan 2024, damina ta yi tsakiya. Gefen farcen manunin hannun dama ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya, ko mayafi ya taɓa wajen sai ta yi tsalle. Matan gidan suka ce ɗan karkare ne. Da na buɗe sauran yatsun sai na ga inda abin ya samo asali. Duk faratan goma an cinye su har tsokar kan yatsa ta taso ta rufe bakin farcen, fatar gindin farce ta yi zare-zare, wasu wuraren da busasshen jini. Haƙorinta na gaba na sama ya ɗan ɓantare a baki. Tana ganin ina duban yatsun ta janye hannun ta tura shi ƙarƙashin cinya.

Maganin yatsan bai ɗauki dogon lokaci ba. Irin wannan kumburi idan aka tare shi da wuri, jiƙa yatsan a ruwan ɗumi na minti 15, sau uku ko huɗu a rana, yakan wadatar. Nata ya riga ya tara mugunya, don haka na tura su asibiti aka buɗe wajen aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na ja kunnen mahaifin ya faɗa wa likita cewa yarinyar tana cin farce, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga ciwo daga baki sun bambanta da na fata, kuma hakan na iya sauya maganin da za a rubuta. Na kuma hana a sa reza a gida. Akwai wani kumburin yatsa mai fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa a cure waje ɗaya, wanda ƙwayar cutar da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi ke kawowa, shi ba a tsaga shi sam, kuma ido marar sabo ba ya bambance su.

Tambaya ta biyu da na yi ta sa uwar sunkuyar da kai: ko yarinyar tana susar dubura da dare? Hajiya ce ta amsa, ta ce ba ita kaɗai ba, duk yaran ɗakin ba sa barin kowa barci. Wannan alamar siririyar farar tsutsar ciki ce, wadda macenta ke fitowa da dare ta zuba ƙwai a bakin dubura. Yaro ya yi susa, ƙwan ya maƙale a yatsa, yatsa ya koma baki, sai tsutsar ta sake sabon zagaye. Ƙwan kan yi mako biyu ko fiye a jikin shimfiɗa da tufafi bai mutu ba. Aka ba mutanen gidan maganin tsutsa mai suna mebendazole, ƙwaya ɗaya mai miligiram 100, aka maimaita bayan mako biyu, aka keɓe mai ciki da ɗan goye sai an tambayi likita. Aka wanke zannuwan shimfiɗa aka shanya a rana, aka koma yi wa yara wanka da sassafe. A Agustan 2024 ɗin ne ma hukumar lafiya ta ƙasa ta bayyana ɓarkewar amai da gudawa, bayan wadda aka bayyana a jihar Gadarif a Satumbar 2023. A gari irin wannan, hannun da ke zuwa baki sau da yawa a yini ya wuce zancen muni ko rashin tarbiyya.

Abin da kowa ke gani

Uwar ta ce tun tana shekara 5 take ɗan taɓa cin farcen, musamman da aka sa ta makaranta, amma bai taɓa kai wa jini ba sai bayan zuwansu Gadarif. Kowa a gidan yana da nasa bayani. Hajiya ta ce ɗabi'ar tana jawo tsiya a gida. Uwar tana zargin ƙarancin jini. Wata maƙwabciya ta kawo zancen iska, ta ce a kai ta a yi mata ruƙiyya. Mahaifin kuwa taurin kai ya gani, ya ce da ni, “Sista, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yi magana, na yi magana, kamar da dutse nake.”

Sun gwada abubuwa. An shafa mata barkono a yatsu, ta manta ta murza ido, aka kwana ana wanke ido da ruwa tana ihu. An daka ganyen darbejiya an shafa, kwana kaɗan ta saba da ɗacin. An ɗaure hannun da tsumma. An buge hannun duk lokacin da aka gan shi a baki, yaran gidan ma suka samu abin tsokana, suna kiranta ɓera. Sakamakon duk wannan guda ɗaya ne: ta daina ci a gaban mutane, ta koma ci a ban-ɗaki da ƙarƙashin mayafi da dare, wato daidai wuraren biyu da hannu ya fi ƙazanta.

Cin farce ba baƙon abu ba ne. Rubuce-rubucen likitoci kan kiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na mutane suna yi. Ba kasafai yake farawa kafin shekara 3 ko 4 ba, yana ƙaruwa zuwa shekarun balaga, sannan ya ragu a wajen mafi yawa. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa mai tsananinsa a rukuni ɗaya da sauran ɗabi'un da mutum ke maimaita wa jikinsa, irin su cizon leɓe da tauna cikin kumatu. Damuwa tana ƙara shi, haka zaman banza, haka aikin da ke cin tunani. A ganina yaƙi bai haifar wa wannan yarinya ɗabi'ar ba, ya dai same ta da ita ya hura mata wuta. A lokacin makarantun boko a rufe suke, da yawansu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, ƙawayenta sun watse, ba ta da kusurwar da za ta ce tata ce.

Abin da ya fi wahalar shiga kan mahaifin shi ne cewa yawancin lokaci ba ta san hannun ya je bakin ba. Na tambaye shi ko ya taɓa jin an daki mai minshari ya daina. Ya yi dariya, ya ce ai shi ma an ce yana yi. Muka yi yarjejeniya: wata biyu ba duka, ba tsawa, ba wanda zai ce “cire hannu”, kuma duk yaron da ya sake cewa ɓera shi zai wanke kwanukan dare.

Mako na farko ba a yi komai ba sai kallo. Hajiya ba ta karatun boko, don haka ba zancen takarda da biro. Ta samu gwangwanayen tumatir uku, ɗaya na safe, ɗaya na rana, ɗaya na dare, ta ƙulle wake a bakin mayafi. Duk sanda ta ga hannun ya tafi baki sai ta jefa ƙwaya ɗaya, ba ta ce uffan. Gwangwanin rana kusan fanko yake kwana. Lokacin carafke da 'yar gala-gala, ko tana goye da ƙaninta, ko tana tankaɗe, hannun bai san hanyar baki ba. Na safe yana samun kaɗan, a makarantar allo, sa'ad da take jiran layi ya zo kanta ta biya wa malam. Na dare ne ke cika. Bayan magariba maza kan zauna a ƙarƙashin rumfa, kowa da waya a hannu, ana sauraron saƙonnin murya daga Madani da ƙauyukan Jazira: gidan wane an fasa, wane ba a san inda yake ba, an ga gawar wane. Ita kuma tana gefen gadon igiya, ba wanda ya lura tana ji.

Hajiya ta gano wani abu da ni ban ce ta duba ba. Kafin hannun ya tashi, sai yarinyar ta riƙa bin bakin faratan da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda ya yi kaushi. Da ta samu, shi ke nan, sai haƙori ya je ya daidaita shi. Cizon kuma ba ya barin farce sumul, sabon kaushi yake bari, gobe a sake samun abin nema.

Tsarin da aka bi

Hanyar da na ɗauka ba ƙirƙirata ba ce. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, su suka tsara ta a 1973, kuma har yau ita ce kan gaba a maganin irin waɗannan ɗabi'u. Ƙafa uku gare ta: mutum ya koyi gane lokacin da abin ke tasowa, ya samu wani motsi da hannu zai yi wanda ba zai haɗu da cizon ba, sannan a samu wani na kusa da zai tuna masa cikin ruwan sanyi ya kuma yaba masa.

Kafin komai sai da na tambayi yarinyar ita kaɗai ko tana so ta daina. Wannan tambaya ana yawan tsallake ta, alhali in yaro bai sa kansa ba, duk sauran aikin ya zama sabon salon takura. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabi, can ta ce tana so a sa mata lalle da Sallah, bara mai lalle ta riƙe hannunta ta ce, “A ina zan sa?” kowa ya yi dariya.

Muka zauna da ɗan madubin Hajiya. Na ce ta yi abin a hankali tana kallo: babban yatsa yana bin farce, gwiwar hannu ta lanƙwashe, hannu ya taso, leɓe ya buɗe. A kowane mataki na ce ta tsaya ta faɗa mini abin da take ji. Daga nan muka koyi madadin: da ta ji babban yatsa ya fara yawo, ta tura shi cikin tafi, ta dunƙule hannun ta ɗora a cinya na kamar minti ɗaya. Yaro ba ya sanin minti, don haka muka auna da ƙirga zuwa 60, ita kuma ta zaɓi ta riƙa yi da Larabci don ya fi mata sauri a baki. A makarantar allo ta riƙe allon da hannu biyu har layi ya zo. Da dare kuwa aka nemo wa hannun aiki, ɓarar gyaɗa, tsinkar ganyen miya, gyaran soɓo, kuma Hajiya ta fara koya mata saƙar faifai da kaba. Ta gutsuro mata aswaki don baki ma ya samu abin taunawa. Mahaifin ya yarda a riƙa sauraron saƙonnin Madani a ƙofar gida, ko a sa abin kunne.

Sai gyaran faratan kansu. Babu abin yankewa a lokacin, amma akwai kaushi, don haka duk bayan kwana biyu ake goge bakinsu da abin gogar da ke jikin ɗan abin yanke farce, a shafa man riɗi a fatar gindin farce safe da dare. Man riɗi dai Gadarif gidansa ne. Da suka fara tohowa aka tsayar da Juma'a ranar yanka. Hajiya ta ƙara da nata, ta gaya wa jikar cewa yanke farce yana cikin fiɗira, kuma hadisin Anas ya iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40, amma ba ta taɓa jin inda aka ce da haƙori ba.

Mahaifin ya so ya sayo maganin ɗacin nan da ake shafawa kamar jan farce. Sinadarin da ke cikin yawancinsu, denatonium, a Edinbura ta ƙasar Sikotilan aka gano shi a 1958, kuma yana cikin abubuwa mafi ɗaci da aka sani. Yana da amfani a matsayin tuni ga yaron da ya yarda a shafa masa. Na ba da shawarar a bari, saboda dalilan da takardar cikin kwalin ba ta san da su ba. Fatarta duk a tsage take. Da hannu muke cin tuwo da kisra, a kwano ɗaya, ɗacin zai bi loma ya shiga miyar kowa. Kuma yarinya ce da ke koyon salla, Hajiya ba za ta yarda da abin da zai rufe farce ya hana ruwan alwala ba. Kuɗin ma ya fi amfani a sabulu.

Ƙafa ta uku ce ta so ta gagara. Tsarin yana son wanda zai riƙa cewa “madalla, na ga kin dunƙule hannu”, kuma a al'ada uwa ake ɗora wa wannan. Na ɗora mata, mako ya zagayo, na tambayi yarinyar me innarta ta ce, ta ce ba ta ce komai ba. Uwar kuwa ba ƙin 'yarta take ba, dare nawa ta kwana ba barci lokacin ciwon yatsa. 'Yar fari ce. Ko sunanta ba ta faɗa, “ke” ce ko “yarinyar nan”. A ce ta riƙe hannunta a gaban surukarta da matar wan mijinta tana yabo, wannan ya fi ƙarfin kunyarta. “Sista, kin san halinmu,” ta ce, “ba zan iya ba. Sai a ce na zaƙe.” Ban ga dalilin yaƙi da alkunya a gidan da mutum 20 ke kallon juna ba. Al'adar da ta ɗaure bakin uwa ita ce kuma ta sake bakin kaka, tunda tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma Hajiya dama kishiya take kiran yarinyar.

Sai aka mayar da aikin hannunta, ta kuwa yi shi yadda ni ba zan iya tsarawa ba. Idan ta hango babban yatsa ya fara yawo, ba ta ambaton farce, sai ta ce, “Kishiya, miƙo mini carbina.” Yarinyar ta gane, sauran mutane ba su san an yi komai ba. Ranar Juma'a ta kan kama hannun ta ɗaga shi sama, ta ce, “Ku zo ku gani, kishiyata za ta fi ni farce, so take ta ƙwace mini tsoho ko a lahira.” Yarinyar ta ce, “Ke tsohuwa, naki ai duk sun lanƙwashe.” Uwar tana bakin murhu, kanta a ƙasa, tana murmushi. Nata rabon shi ne shafa man riɗi da dare bayan an kashe fitila, aikin da ba ya bukatar magana.

Farcen hannu yana tsawo kamar milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki wajen wata shida kafin ya sabunta daga gindi zuwa baki. Na faɗa musu wannan tun farko don kada su zaci mako biyu za su ga canji. Ba a nemi ta bar duka goma a tashi ɗaya ba. An fara da ƙaramin yatsan hagu, aka ce wannan na Hajiya ne, ba a taɓa shi. Da farin baki ya ɓullo masa aka ƙara na kusa da shi. Zuwa lokacin da aka gama yankan riɗi hannun hagu ya warke gaba ɗaya, gwangwanin dare kuma wake kaɗan yake kwana da shi.

A Janairun 2025 sojoji suka karɓe Madani. Bayan 'yan makonni mahaifin ya tafi duba gidansu, waya ba ta shiga, kwana da kwanaki ba labari. Cikin dare biyu ta cinye abin da aka yi wata huɗu ana tarawa a yatsu shida. Uwar ta karaya, matar wan mijin ta ce dama ta faɗa, barkono ne maganinta. Hajiya ta fito da gwangwanayenta ba tare da ta tanka ba. Komawa baya irin wannan yana cikin tafiyar, kuma ya nuna mana abin da kallon farko ya riga ya nuna, cewa hannun yana bin abin da ke cin ranta. A wannan karon na nemi wan mahaifin ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya daidai hankalinta: Baba ya isa, layin waya ne ya lalace a can, ranar kaza ake sa ran dawowarsa. An saba ɓoye wa yara labari don a kare su, alhali sun riga sun tsinci rabinsa a bakin rumfa, sauran rabin kuma su cike da abin da ya fi muni. Farfaɗowa ta biyu ta fi ta farko sauri, domin dunƙule hannun ya riga ya zauna mata.

Da ƙaramar Sallah ta matso a ƙarshen Maris, zancen lalle ya taso, nan kuma na sa baki da ƙarfi. Baƙin lallen da ake yayi a Sudan ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda guba ne idan ya shiga ciki: yana kumbura wuya da harshe har numfashi ya toshe, yana kuma lalata ƙoda. Wani rahoton likitocin yara na Khartum da ya fito a 1992 ya kawo yara 31 da aka kwantar saboda shi tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Yarinyar da yatsunta ke iya komawa baki cikin barci ba za a sa mata wannan ba. Aka daka ganyen lalle zalla, aka kwaɓa da lemon tsami, ta kwana da hannu a ƙunshe. Jan lallen ya zo da wata fa'ida da ba mu yi lissafinta ba: yayin da farce ke tsiro, sabon da ba shi da launi yana fitowa daga gindi, sai ta samu ma'aunin da take dubawa da kanta.

A halin da ake ciki faratai tara sun dawo daidai, ban da ɗan tudu-tudu a na manunin da ya yi ciwo. Babban yatsan dama har yanzu tana taɓa shi idan hadda ta yi wuya, na ce a ƙyale mata shi muddin ba jini. Na gaya wa iyayen abin da in sun gani kada su tsaya jiran dabarar gida: ta fara tsige gashin kai ko gira, ko tsagar fata har ciwo, ko firgita cikin barci da fitsarin kwance da ba ta yi a da, ko ta daina wasa da cin abinci. Waɗannan na likita ne. Haƙorin da ya ɓantare ma yana jiran a nuna shi.

Matsalar da ke gabansu yanzu ta komawa ce. Mahaifin ya gyara ɗaki biyu a Madani yana son ɗaukar iyalinsa, Hajiya kuwa ta ce ƙafarta ba za ta sake hawa motar nan ba, a Gadarif za ta zauna. Akwai wata ƙanwar mahaifin da ke aure a Madani, goggon yarinyar, ita ake so ta karɓi aikin tuni da duban Juma'a, kuma Hajiya ta riga ta aika mata saƙon murya mai tsawo kan wake da gwangwani. Goggo dai ba abokiyar wasa ba ce, ana jin nauyinta, don haka sai sun nemo tasu kalmar da za ta maye “miƙo mini carbina”.